Sunan da Ya Fito a Bango

Ƙaura Namoda,
Ranar Laraba.

Zuwa ga mahaifiyata Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Baba da duk mutanen gida. Yaya ciwon gwiwar? Yaya Katuru, ana dai samun barci kwanan nan? Allah ya ƙara tsare mu. Tunda har yanzu waya ba ta shiga wajenku, na ce bari in ba Sanda direba takarda, Azumi ta karanta miki. Azumi, ki karanta yadda na rubuta, ban da ƙari, na san halinki.

Inna, an turo mu koyon koyarwa. Kowace ɗaliba a kwalejinmu sai ta tsaya gaban aji, malami ya zo ya duba ta, kafin a ba ta shaidar malanta. Ni wata firamare aka jefa ni a nan cikin gari, aji biyar, ƙarƙashin wata Malama Mubaraka. Mace ce mai kirki, sai dai akwai dariya, ko faɗuwa ka yi sai ta dara kafin ta ɗaga ka.

Ajin nan ba alli kaɗai ake aiki da shi ba. Kin tuna majigin da kike ba mu labari ana kawowa ƙauye a haska bango? To irinsa ne, amma ɗan ƙarami, an haɗa shi da kwamfuta, hasken rana ke ba su wuta. Abin da ka taɓa a kwamfuta shi zai fito ƙato a bango. Akwai kuma 'yar lasifika da malama ke maƙalawa a wuyan hijabi don na baya su ji.

Ranar farko na sha kunya. Na cusa waya inda ba nan ba, bango ya yi shuɗi ya tsaya. Da aka gyara, sai rubutun ya fito kai ƙasa, yara suka riƙa karkace wuya suna karantawa. Ni da nake tuƙa tuwon gida guda, sai ga ɗan abin danna kwamfuta da ake kira linzami ya gagare ni. Amma wannan duk mai sauƙi ne, ina koyo, yanzu har hoto ina iya fitarwa.

Abin da ya dame ni daban ne. A cikin kwamfutar akwai wani wasa da yara ke kira lilo. Sunayen 'yan aji duka suna ciki. Ka danna, ya yi ta juyawa, ya tsaya a kan suna ɗaya. Malama ta kira sunan da ƙarfi, yaro ya miƙe ya amsa tambaya. In ya ci, ta yaba masa ta danna masa tauraro. An yi shi ne don kada malama ta riƙa zaɓen 'yan gabanta kawai.

To Inna, ƙawarki, jikar nan taki, a ajin take. Ban sani ba sai da na shiga na gan ta a layi na biyu, da ɗan hijabin da kika ɗinka mata kafin ki rabu da ita. Tun da aka rufe makarantar wajenku babanta ya ɗauko ta daga hannunki, a nan ya sa ta, ni kuma ban taɓa tambayar wane aji ba.

Jiya lilo ya tsaya a kanta. Sunan ya cika bango, kowane harafi ya kai tafin hannu. Ke kika koya mini cewa mace mai kunya ba ta kama sunan ɗiyarta ta fari, ba ta yabonta a gaban mutane. Tun da na haife ta sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ga kuma 'ya'yan mutanen Katuru da suka gudo nan suna cikin ajin, duk abin da na yi a kunnen iyayensu zai kwana. Sai na ce na'urar ta maƙale, na sake dannawa. Ƙarya na yi a gaban yara, da lasifika a wuyana.

Ki yi mini addu'a. Ƙanenta Salim yana gaishe ki, ya ce ki ajiye masa aduwa. Babansu ma yana gaisuwa.

Taki har kullum,
Ɗiyarki.

Ƙaura Namoda,
Ranar Asabar.

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Baba. Daddawa da kukar da kika aiko sun iso, Allah ya bar mana ke. Sanda ya faɗa mini saƙonki, cewa in riƙe tarbiyyata, boko ba ya cire wa mace kunya. Na riƙe, Inna. Ga inda riƙon ya kai ni.

Lilon nan kamar da gayya yake yi. Sai ya bi ya tsaya a kan ƙawarki. Da farko na riƙa tsallakewa da sauri kafin yara su gama karantawa. Ran nan hannuna ya makara, sai na yi wuf na shiga gaban majigin don in tare hasken. Ashe ban san sunan a jikina zai sauka ba. Ya fito ɓaro-ɓaro a kan farin hijabina, daidai ƙirji. Yara suka karanta shi a kaina da baki ɗaya, ajin ya ɗauki shewa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ta fara miƙewa da murnarta, na juya baya na danna, aka kira wani. A hankali ta koma ta zauna.

Malama Mubaraka ta ja ni gefe bayan an tashi. Da na gaya mata dalili ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita sunan ɗanta na fari ma take kira ta aike shi kasuwa. Daga baya ta daina dariyar. Ta ce ko nuna ta da hannu in riƙa yi. Na gwada a raina, na ga ai bayan nunin akwai madalla, akwai tauraro, duk a gaban jama'a. Na ce mata to, ban yi ba.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, duk ranar Juma'a ana haska taurarin kowa a bango. Jiya aka haska. Kowane yaro da nasa, har Jabiru da ke barci a aji ya samu. Ita kaɗai ce gabanta fayau, ba ko ɗaya. Kuma Inna, kin fi kowa sanin kanta, lissafin da ake yi a ajin nan tun a gidanki ta wuce shi. Ta taga na ji yara suna bin ta suna cewa 'yar ƙauye, ko uwarta ta san ba ta iya komai ba shi ya sa take tsallake ta. Ina jin su, ina naɗe wayar majigi, ban fita ba.

Yau da hantsi na neme ta a gida na rasa. Can sai ga Sanda ya riƙo hannunta. Wai a tasha ya same ta, ta ƙulle kayanta a ɗankwali, ta zauna a bayan motarsa ta ce Katuru za ta. Ki duba hanyar nan ta Moriki yadda take yanzu, manya ma sai da addu'a suke bin ta. Da wani direban ne da bai san ta ba fa?

Na ɗauko tsintsiya zan dake ta. Ba ta gudu ba, ta tsaya tana kallona ta ce, “Mi niy yi maki? Inna ta hi ki sona. Ita tana kirana.” Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na shige ɗaki na bar ta da Sanda a tsakar gida.

Babanta ya ce in ta sake, zai mayar da ita wajenki kowa ya huta. Kin san in ta koma karatu ya ƙare, don babu makarantar. Ni kuma na san ba makaranta take gudu ba, ni take gudu. Kunya nake ji ta kowane gefe. In na kira ta, kunyarki da ta mutanen garinmu. In ban kira ba, ga abin da ya faru.

Mako mai zuwa Malam Sha'aibu zai zo daga kwaleji ya duba koyarwata. Ki gaida Azumi, ki ce na ga zanen da ta aiko.

Taki,
Ɗiyarki.

Ƙaura Namoda,
Ranar Laraba.

Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba. Mu nan lafiya lau. Ki zauna kafin a karanta miki, don gara ki ji daga wajena da ki ji a bakin matan da ke zuwa kasuwar Shinkafi.

Malam Sha'aibu ya zo ranar Litinin. Dattijo ne mai tabarau, ba ya murmushi, ya ja kujera ya zauna a bayan aji. Ƙawarki ma ta zo, don babanta da kansa ya rako ta har ƙofa. Ta zauna ta kifa ido a kan benci, ko bangon ba ta kalla.

Darasin ya tafi daidai, har ni kaina na yi mamaki. Majigi ya kama tashi ɗaya, hotuna suka fito tsaye. Na yi ta juya lilo ina roƙon Allah a zuci kada ya tsaya a kanta, kuma bai tsaya ba. Na ga Malam yana gyaɗa kai. Saura tambaya ɗaya a tashi, na tsira ke nan.

Sai na kalle ta. Ba ta ma jiran komai, Inna. Sauran yara in lilo na juyawa har tsalle suke a zaune, ita ta riga ta cire rai. Wannan ya fi mini ciwo a kan maganar da ta faɗa mini ran nan.

Na danna. Ya juya, ya tsaya a kan Jabiru. Sunansa ne a bango, kowa yana gani, har ya fara miƙewa. Ni kuwa na buɗe baki na ce Nazifa.

Na manta da lasifikar da ke wuyana. Har aji shida an ji. Abin da ba zan manta ba shi ne, ba ni ta kalla ba. Ƙofa ta waiwaya, tana neman wanda ya kira ta. Ba ta san yadda sunanta yake a bakina ba. Sai da na sake faɗa, sannan ta juyo.

Ta miƙe. Na yi mata tambayar, tambayar da na san ta sani ko cikin barci. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai hawaye. Muka tsaya muna kallon juna har aka buga ƙararrawa. Ba ta samu tauraron ba.

Malam Sha'aibu ya ce mini koyarwata ba laifi, amma malamar da bango ke nuna mata suna tana kiran wani ba ta gama sanin na'urarta ba. Zai sake dawowa, sai a lokacin zai yanke. Na sunkuyar da kai na ce na gode. Malama Mubaraka ta so ta yi masa bayani, na taka mata ƙafa. 'Ya'yan mutanen Katuru kuwa tun kafin in fita ƙofar makaranta na ga suna gudu gida da labari. A hanya na ja hijabi har goshi, gani nake kowa ya ji.

Da muka isa gida ina tsince shinkafa, ta zo ta zauna kusa da ni ta sa hannu a faifan. Ba ta taɓa yin haka ba. Can ta ce in sake faɗa, yanzu da babu kowa. Wallahi na kasa, kunyar ta dawo sabuwa. Ta yi 'yar dariya ta ce ba komai, ta riga ta ji. Jiya da yau ita ta riga Salim shirin makaranta.

Inna, ki yafe mini. Na san za a ce ɗiyarki ta je boko ta zubar da kunya, kuma a kanki maganar za ta sauka. Ban ce abin da kika koya mini ba daidai ba ne. Na san so ne ke sa a ɓoye sunan, yanzu da na girma na sani. Amma ina ƙarama ban sani ba. Ni ma ta fari ce. Ina ji kina kiran Azumi da sauran ƙannena ɗaya bayan ɗaya in abinci ya sauka, ni kuwa sai dai ki ce a kira waccan. Na sha zuwa bayan rumbu in yi kuka, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ban ce ki faɗa ba, na san ba za ki iya ba, ni ma da ƙyar na iya. Ga shi dai na rubuta a ƙasa. Azumi, kada ki karanta wannan, ki nuna mata wurin kawai. Inna, in babu kowa a ɗakin, ki ɗora yatsanki a kai.

Ki huta lafiya.

Ɗiyarki ta fari,
Kulsumu.