Ƙulli Ɗaya Ya Rage a Ɗamarar Isamu

Sansanin tsare, Wyoming
3 ga Oktoba, 1944

Zuwa ga ƙanwata Tomie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Kullum da safe in na kunna turare a gaban hoton marigayi ɗana Noboru sai na sa ku cikin addu'a, musamman tarin nan naki. Mu ma lafiya lau. Baban yara yana nan yana fama da 'yar gonar kabejinsa, sanyi kuwa har ya fara leƙowa. Takardarki ta ta'aziyya da shayin sun iso tun Agusta. Ki yi haƙuri ban amsa ba, hannuna ne ya ƙi alƙalami.

Abin da ya sa na rubuto, an kira Isamu soja, shi ma. Wata uku ke nan da yayansa Noboru ya faɗi a fagen yaƙi a Italiya. Ranar da takardar ta zo na ce ya gaya mini mafarin wannan yaƙi, in san abin da ke cinye mini 'ya'ya. Sai ya jera kofuna a kan tebur. Ya ce wannan Jamus ce, an kayar da ita a yaƙin farko, ta riƙe abin a rai, ta dawo tana haɗiye maƙwabta. Wannan ƙasar haihuwarmu ce, ta auka wa Sin, Amurka ta hana ta mai, sai jiragenta suka faɗa wa Hawaii. Na ce to mu da aka kwaso daga gonarmu aka zube a bayan waya, wane kofi ne mu? Ya yi dariya ya ce, "Mama, ai mu ne teburin."

A da na rantse ba zan sake yin ɗamarar ƙulli dubu ba. Noboru yana ɗaure da tasa ya tafi. Na yi ta jan ƙafa har Isamu ya ce in ba ta tare harsashi ba ai za ta tare sanyi, kuma shi ba ya so a ce yayansa kaɗai mata dubu suka raka. Maganar nan ce ta tashe ni. Na yanko farin ƙyalle, na ɗiga ɗigo dubu, na bi ƙofofin ɗakunan cin abinci da jan zare, kowace mace ƙulli ɗaya, kamar yadda ake yi a gida. Da yawa sun yi, wasu sun kau da kai, wai yaya zan miƙa ɗa ga waɗanda suka kulle mu. Ban ga laifinsu ba. Jiya da yamma na ƙirga, saura hamsin da shida, duk wadda zan iya roƙa kuma ta riga ta yi nata.

Kin tuna matar Kuwahara, maƙwabciyarmu ta da? An ɗaure ɗanta Minoru saboda ya ce ba zai sa kakin soja ba sai an saki iyayensa. Tun bazara ba ma ga maciji da ita. Ni na fara, a wurin wanki na ce ɗanta matsoraci ne, ita kuma ta ce na sayar da nawa. Ga shi a lissafin shekarunmu na gida a shekarar damisa aka haife ta, kin san irinsu an yarda su yi ƙulli iya yawan shekarunsu, tunda damisa komai nisan da ta yi tana dawowa gida. Na sani sarai, kunya ta hana ni zuwa.

Yau da hantsi ina shanya sai ga ta a bayana. Ta ce, "Ke Kiyono, miƙo ƙyallen nan, kin cika sansani da yawo kamar mai talla." Ta zauna a kan bokiti ta hau aiki. Na fara ba ta haƙuri, ta ce in rufe mata baki kada in ɓata mata ƙirga. Da ta kai hamsin da biyar ta cije zaren. Na ce ta daure ta ƙara ɗaya a huta. Ta harare ni ta ce ko don ɗana ba za ta ƙara wa kanta shekara ba. Tomie, dariyar da ban yi ba tun Yuli ita na yi, daga nan muka koma kuka mu biyu. Lahadi zan taya ta saƙa safar da za ta aika wa Minoru.

Saura ɗaya ke nan, kuma na hana kowa. Naki ne, ke da kika goya shi. Ranar sha huɗu ga wata zai sauya jirgin ƙasa a garinku Chicago, zai zauna a tasha daga sha biyun rana zuwa ƙarfe biyar. Ki nemi izini a wurin aiki tun yanzu. Ɗamarar tana wurinsa, allura da zaren suna maƙale a jikin ƙyallen. Ina ji a jikina wannan zai dawo mini.

Ki gaida maigidanki Sadao, da Fumiko da ɗan autanki Haruo. Baban yara yana gaishe ku. Ki tafi da tabaranki, ɗigon ƙarami ne, yana can ƙarshen gefen hagu. Ki ɗaure shi tam.

Yayarki,
Kiyono