Mai Horarwa ta Uku

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ake yi wa wanda ya riga mu, ina sanar da ke cewa karatun da kika tura ni ya kai ni digiri na biyu. Bincikena a kan yadda matan Azare da Katagum ke horar da na ƙasa da su ne a sana'a. Malamina ya ce ba a yi rubutu sosai a kai ba. Na yarda, don ni ma ban san komai a kai ba, ko da yake a ɗakin mai horarwa aka haife ni.

Makon jiya na yi hira da Bintu. Kin tuna ta ai, 'yar maƙwabtanmu da suka taso daga Yana, wadda kika zaunar a gefen kaskon turarenki. Yanzu duk amaryar da ta isa a garin nan da turarenta ake kai ta. Na kunna rikoda, na yi mata tambayar da nake yi wa kowa: yaya aka koya miki?

Inna, ashe kina da surutu.

Ta ce kina kama hannunta ki nuna mata yadda ake juya itacen sandal a cikin sukari kada ya ƙone. Ta ce ranar da ta ƙona farcen da ake haɗa turaren humra da shi dariya kika yi har da hawaye. Ta ce kina kiranta Bintuna. Na gyaɗa kai, na rubuta "kusanci tsakanin mai horarwa da mai koyo". A littattafanmu haka ake kiran abin.

Ni abin da na sani shi ne bayanki. 'Yar fari ce ni, don haka sunana bai taɓa fita daga bakinki ba. "Ke waccan, matsa daga hayaƙin nan." Ranar da na ci jarrabawar shiga jami'a mata suka cika gidan da guɗa, ke kuwa kika tashi kika shiga madafa. Na san kunya ce. Na ma taɓa rubuta takarda a kan al'adar, aka ba ni maki mai kyau. Sanin bai rage komai ba.

Da na kashe rikoda, Bintu ta riƙo mayafina. Ta ce duk ranar da ta yi aiki mai kyau kina ce mata, "Hannunki ya kusa kama na waccan, ita ba ta rawar hannu." Ta ɗauka kyauta ta ba ni. Na yi godiya, na fito, na zauna a cikin mota ban tayar ba.

Har yabona ma ita kika ba wa ajiya, Inna? Ita ta ji shi da muryarki. Ni na ji shi a bakin wata, a tsaye, da takalmi a ƙafata.

Na yi niyyar cire hirar daga kundin bincikena. Ina da hujja, don mai bincike ba ta amfani da abin da ya shafe ta. Amma na saurari muryar Bintu sau da yawa, kuma a nan kaɗai kike dariya. Na bar ta.

Dokar bincike ta hana a ambaci sunan kowa. A kundin, ke ce Mai Horarwa ta Uku. Kin ga ni ma ban kira naki ba. Na zaci zan ji daɗin ramuwar, sai na ga ashe riƙe suna a baki aiki ne mai nauyi, ke kuwa kin yi shi har ƙarshe.

Allah ya jiƙan ki, ya sa kabarinki ya fi ɗakinki ƙamshi. Ya haɗa mu a inda babu kunya tsakanin uwa da 'ya. In mun haɗu, Bintu ta ɗan jira a waje.

Taki,
Safiya. Na rubuta shi ne ko za ki so ki gwada faɗa.