Tamma Na Faɗa, Dala Aka Rubuta

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in da ke duba harajin tsofaffin ma'aikata a Bangi,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da masu aiki a ƙarƙashinka. Sunana Malam Tanko Mai Allura, mazaunin Kokoro, kusa da Kasuwar Kilomita Biyar. Shekara ashirin da shida gwamnati tana aika ni ruga-ruga ina yi wa shanu allura, har wani bijimi ya karya mini ƙugu aka sallame ni da fansho. Takarda biyu na aiko maka a rufe, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Shi ya sa na bar wannan a buɗe, a karanta ta a kasuwa kafin ta iso teburinka.

Na ɗaya. An ce mana fansho abin shiga ne, don haka sai an cire masa haraji kamar ribar kanti. Ni ban saye komai ba, ban sayar ba. Lokacin da nake aiki, kowane wata ana yankar wani abu daga albashina, ana ce mini ajiya ce ta ranar tsufa, albashin kuma na biya harajinsa tun a lokacin. Yau na zo karɓar ajiyata an ce riba ce. Wannan ya yi mini ciwo, amma da a nan aka tsaya da na haɗiye, tunda doka ce.

Na biyu, kuma shi ne ainihin kukana. Ka sani mu Hausawa da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce, wato sefa biyar. In ɗan kasuwa ya ce maka dubu, dubu biyar yake nufi a lissafinku. Ni zaman da na yi da likitocinku na dabbobi ya sauya mini harshe, da tamma nake ƙirgawa, har ina taƙama da hakan. Ranar rubuta sunayen masu fansho, akawunku, wanda ya iya Hausa kamar jakin Kano, ya tambaye ni nawa nake karɓa duk wata uku. Na ce dubu tara. Bai ɗago kai ba, ya ninka sau biyar kamar yadda ya saba yi wa 'yan kasuwa, ya rubuta dubu arba'in da biyar. Ni kuwa karatun boko bai wuce sa hannu ba a wurina, na sa hannu har da godiya.

Da takardar haraji ta zo aka karanta mini, sai na ji harajin dubu arba'in da biyar aka ɗora mini. Na koma na sami akawun. Bai yi musu ba, dariya ma ya yi, ya ce, "Haba Baba, wa ya taɓa jin Bahaushe ya ƙirga da tamma?" Daga nan ya ce an riga an buga hatimi, sai dai in biya tukuna in kai ƙara daga baya. In biya da me?

Na uku. Saboda ban biya ba, an karɓe littafina na fansho an kulle a aljihun tebur, an ce ba zan ga ko tamma ɗaya ba sai na cika. Biya biyu ke nan sun wuce ni. Mutum bakwai ke ci daga wannan littafi. Matata Hajara ta kai zannuwanta Kasuwar Kilomita Biyar ɗaya bayan ɗaya, saura wanda ke jikinta da na salla. Abin takaici, labari ya bazu cewa an kama ni ina ɓoye dukiya. Ran Juma'a a Masallacin Koudoukou mutum biyu suka ja ni gefe suna neman taimako, da na ce babu, suka tafi suna cewa rowa ce. Yunwa a gida, sunan marowaci a waje. Wallahi na gaji, tura ta kai bango.

Ranka ya daɗe, ba sadaka nake roƙo ba. Gaskiyar tana cikin ofishinka: ka sa a jawo aljihun teburin nan, a buɗe littafin, a ga adadin da gwamnati da kanta ta rubuta take ba ni. A gyara takardar, a mayar mini da littafina da abin da aka riƙe. A kuma umarci akawu ya riƙa tambayar kowane tsoho, tamma ko dala, kafin alƙalami ya taɓa takarda.

In kuwa hatiminku ba ya kuskure, to na yarda da shi. Ku fara ba ni dubu arba'in da biyar ɗin da kuka ce ina karɓa, ni kuma da ƙuguna karyayye zan tako har ofishinka in biya harajinsa kafin kowa.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya kai ka ranar naka fanshon, ya kuma haɗa ka da akawu mai tambaya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Tanko Mai Allura, Kokoro.