Sun Fitar da Murhuna Ina Gadon Asibiti

Zuwa ga Goggo Ofelia,

Don Allah ki agaza mini da shawara kafin in aikata abin da za a ji sunana a rediyo. Ni ba mai rubuta wa jarida ba ne. Matata ce ke karanta filinki tana gyaɗa kai, shi ya sa ma na zaɓe ki, don na san duk abin da kika faɗa zai shiga kunnenta.

Na haura saba'in. Direban babbar mota ne ni kafin in ajiye aiki, ulun tumaki nake kwasa daga nan Esquel zuwa bakin teku. Gidan da muke ciki da hannuna na gina shi, kuma a tsakiyar kicin na girka murhun ƙarfe na itace da na gada wurin mahaifiyata. A kansa ake girki, shi ke ɗumama gida, bututun da na ratsa ta cikinsa shi ke ba mu ruwan wanka. A gindinsa 'ya'yanmu suka yi rarrafe. Ki tambayi kowa a layinmu, sanyi bai taɓa kashe mutum a gidana ba.

A watan Afrilu aka tura ni birnin Comodoro aikin yanar ido. Nélida, matar tawa, ta ce gwiwarta ba za ta jure zaman mota ba, ƙanena ya raka ni. Ashe shiri ne. Na dawo ido ya buɗe tar, abu na farko da na gani da sabon idon shi ne murhuna a bayan gida, an jingine shi da katanga, kaji suna hawa suna kashi a kai. Na shiga kicin, sai ga wani farin akwati manne a bango yana ƙifta mini koren ido. Wai kaldera. Da gas take aiki, ita ke tura zafi cikin wasu faffaɗan ƙarafa da aka liƙa a ƙarƙashin tagogi, ita ke ba da ruwan wanka. Aiki biyu, in ji su, suna faɗa kamar sun haifi likita.

Wannan aikin surukina ne, Lisandro, mijin 'yata Griselda. Wayoyi yake sayarwa. Hannunsa ya fi na limamin coci taushi, in kika ba shi gatari sai ya nemi inda ake sa masa caji. Ya tsaya a kicin ɗina yana washe baki, ya ce, "Baba, ai an daina wannan wahalar. Maɓalli ɗaya ne. Ko daga wayata zan iya kunna muku." Na ce, "To fara kunna hankalinka daga wayar mu gani." Nélida ta miƙo mini shayin mate ta ce, "Tsoho, zauna, kada ka fara." Na ce da izinin wa aka yi wannan? Sai ta ɗaga mini yatsunta da sanyin ƙashi ya tanƙware, ta ce, "Da izinin waɗannan." Ki ji fa. Kamar ni ne na tanƙware su.

Yanzu bari in gaya miki halin abin da suke taƙama da shi. In mutum yana wanka, wani ya buɗe famfon kicin, sai ruwan ya koma ƙanƙara. Na tabbatar da haka da kaina, ba sau ɗaya ba, lokacin da Nélida take cikin banɗaki. Gwaji ne kawai, amma da kin ji sunayen da ta kira ni. Sannan ranar da dusar ƙanƙara ta karya wayar lantarki aka ɗauke wuta, sai gimbiyar ta rufe koren idon ta yi shiru. Gas yana nan, amma ba lantarki ba ta motsi. Wannan shi ne ci gaba?

Ni dai tun makon da na dawo na kira maƙwabcina Anselmo muka ja murhuna zuwa ɗakin kayan aikina na bayan gida. Na harhaɗa masa bututun hayaƙi da guntayen da nake da su, na toshe duk ramukan bango da buhu, na shigar da gado. Nan nake kwana. Ranar da aka ɗauke wutar na hura shi ya yi jajawur, na bar ƙofa a buɗe don Nélida ta hango. Tana zaune bakin taga cikin babbar riga da bargo, muna kallon juna. Na jira ta tako ta ce tsoho ka yi gaskiya. Goggo, matar nan ta gwammace ta wuni tana karkarwa. Da yamma Griselda ta zo da mota ta ɗauke ta.

Na rantse ruwan akwatin nan ba zai taɓa jikina ba, kuma ina kan bakana. Ina ɗora buta in wanke fuska da hammata, ya ishi namiji. Ita kuwa cewa take ina warin tsohon rago da aka banƙare a hayaƙi. Hatta karena, Tordo, ya ci amanata. Da farko tare muke kwana, yanzu ko da nama na kira shi ba ya shiga ɗakin, yana can shimfiɗe ƙarƙashin ƙarfensu kamar ɗan gwamna. Baƙin cikin nan har ya fara taɓa lafiyata. Kullum da ciwon kai nake tashi, da jiri, wani lokaci da tashin zuciya, sai na fita na sha iska yake sakina. Ga abin da suka jawo mini.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ta canja. Matar da ke tashi da duhu, yanzu sai rana ta fito. Tana yawo cikin gida da 'yar riga mara nauyi kamar a bakin teku. Ƙawayenta suna zuwa su baje karta a teburin kicin, daidai inda murhuna yake, ina jiyo dariyarsu daga nan. A da, sau nawa a yini za ta leƙo ta ce, "Tsoho, itace ya ƙare," ko "Tsoho, wuta za ta mutu." Yanzu sai a wuni ba wanda ya kira ni.

Ƙarshen watan nan za a yi wa jikata baftisma. Griselda ta ce, "Baba, in haka za ka zo coci, gara ka aiko da gaisuwa." Nélida kuma ta ce bayan bikin za ta kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ya ɗauke murhun, in ina so in bi shi a aza mu a sikeli tare. Gidan nan da sunana yake. Shin in je wurin lauya a tilasta musu cire akwatin, ko in gama da shi da guduma kowa ya huta? Ki faɗa mata gaskiya, don Allah.

Mai Gatari, daga Esquel

*

Mai Gatari,

Ajiye jaridar nan ka je ka kashe wutar murhun, ka cire buhunan, ka buɗe ƙofa, sannan ka dawo mu ci gaba. Ciwon kan da ke sakinka in ka sha iska ba baƙin ciki ba ne. Murhun da aka yi wa bututu da guntaye a ɗakin da aka toshe yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari, mutum yana barci take ɗauke shi. Karen da kake zagi ya fi ka lissafi. Kada ka sake kwana a ɗakin nan, kuma yau ɗin nan ka je asibiti ka maimaita musu abin da ka gaya mini.

To, ka ce in faɗi gaskiya. Ga taka tukuna. An yi maka ba daidai ba. Ba a jiran mutum ya kwanta a gadon asibiti a fitar da kayan mahaifiyarsa a bar wa kaji. Nélida, na san kina karantawa: kin san zai ƙi, shi ya sa kika bi ta bayan ido, amma yana binki bashin haƙuri ɗaya, ki ba shi. Shi kuma Lisandro ya rage washe baki a gidan surukai. Kana da gaskiya kuma a kan lantarki. A garin da dusar ƙanƙara ke karya waya, gidan tsofaffi biyu bai kamata ya dogara da abu ɗaya ba.

Iyakar gaskiyarka ke nan, sauran duk rigima ce. Na karanta wasiƙarka ina neman inda ka ambaci toka, ban gani ba. Kai ne mai faskare, na ji, an gode. Wa ke tashi da duhu ya hura wutar? Wa ke kwashe toka, ya kankare baƙin tukwane, ya wanke labulen da hayaƙi ya rina, duk shekarun da kake kan hanya da ulun mutane? Mace ta nuna maka yatsunta, kai kuma abin da ya dame ka shi ne kada a ce laifinka ne. Sannan ka laɓe a kicin kana sakar wa mai sanyin ƙashi ruwan ƙanƙara, ka kira shi gwaji. Mugunta sunansa. Ka hura wuta ka zauna kana jira ta zo ta durƙusa, maimakon ka taka ka riƙo hannunta. Tsakaninku taku nawa ne?

Maganar lauya ka bar ta. Me za ka ce masa, matata ta daina jin sanyi? Guduma kuwa, bututun gas za ka dosa da ita, ka ga sai a ji sunan naka a rediyo da gaske.

Ga abin yi. Ka kira mai haɗa gas mai lasisi, ba abokin kowa ba, ya duba kalderar ya daidaita ruwan, ya kuma faɗa muku irin batirin da zai riƙe ta in an ɗauke wuta. Ya nuna maka yadda take aiki, kai da kanka, don mutumin da ya iya injin babbar mota bai kamata akwati ya gagare shi ba. Murhun kuma kada a sayar. A sa gwani ya girka shi da bututu na ƙwarai inda ku biyu kuka yarda, don ranakun da ba wuta da gashin naman ranar Lahadi. Sharaɗi ɗaya: itacensa naka, tokarsa taka. Sannan ka yi wanka. Rantsuwar da ke hana kaka ɗaukar jikarsa a coci ba ta cancanci a riƙe ta ba.

Na gane abin da ke ci maka rai, ba a kiran ka. Amma mutumin da ya ƙaura bayan gida ya ja ƙofa ba ya ƙorafin ba a neme shi ba. In itace ne kaɗai dalilin da take kiran sunanka, to aikin da ke gabanka ya fi faskare yawa, gara ka fara tun yau.

Maza sa'anninka suna rubuto mini da yawa, akasarinsu waɗanda suka binne matansu ne. Gidajensu da ɗumi, ba mai taɓa musu kaya, ba mai ce musu suna wari. Ban taɓa samun wanda ya yi mini maganar murhu a cikinsu ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya sassauta wa Nélida, ya raya jaririya.

Goggo Ofelia