Lambar da Hajiya ta ba mai ta'aziyya

Daren Laraba, Kibiya

Yau ma manhajar asibitinmu ba ta buɗe ba. Bayanan marasa lafiyarmu suna can a intanet, amma wani ya shiga ya canja kalmar sirri, ya bar mu a waje.

Sai da la'asar shugabarmu, Hajiya Talatu, ta faɗa min yadda aka yi. Wani ne ya kira ta, wai daga kamfanin da ke ajiye mana bayanan. Ya fara yi mata ta'aziyyar yayanta, har da addu'a, sannan ya ce ta karanto masa lambar da ta shigo wayarta. Ta karanto masa, da ita ya shiga.

Na ce, "Hajiya, ba na ce kada a ba kowa lambar nan ba?"

Ta ce, "Haba Nura, mutum ya yi min gaisuwar mutuwa, sai in ɗauke shi ɓarawo?"

Zan iya koya wa mutum doguwar kalmar sirri, amma yaya zan koya masa ya daina jin kunyar mutane? Gobe aka sake kira, haka za a yi.

Wanda ya hana ni cin tuwo shi ne Malam Sani, manomin nan na Saji. Ya tsallake asibitin garinsu ya zo namu don kada a san cutarsa. Ɗazu ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, gwajin nan dai daga ni sai ku, ko?"

Na ce masa e. Allah Ya yafe min.