Dutsen Isuhu

Madarumfa, Talata 9 ga Maris 1971

Har yanzu kumburin idon Inna bai saɓe ba, kuma bakina ne ya ja.

Ƙanena Isuhu, mai karatun duwatsu, ya ba ni ajiyar wani ɗan dutse cikin kwalin ashana. Shuni-shuni ne, falle bisa falle kamar ɓawon kifi. Ya ce da darma a cikinsa, samun irinsa da wuya. Ni uban iyayi na ce wa Inna, "Ai dangin kwalli ne." Ta niƙe shi ta rambaɗa.

Da muke dawowa daga gidan likita ta kama hannuna ta ce, "Roƙa mini Isuhu gafara, na ɓata mishi dutse."

Na ce mata to. To kawai na iya cewa.