Haƙorin Baba a Ƙullin Tsumma

Tamaske, 9 ga watan Nuwamba, 1966

Zuwa ga ƙanena Iliyasu, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka da sauƙi, Ya tsare ka a ƙasar mutane, Ya maido mana da kai lafiya. Ni ce yayarka Furera nake magana, Malam Isaka na lakwal, wato makarantar boko, yake rubutawa, na kuwa gargaɗe shi kada ya gyara mini ko kalma ɗaya. Mu nan lafiya lau. An gama kai hatsi rumbu, gero daidai gwargwado, dawar fadama kuwa sai godiya. Matarka Hasana ta yi ƙiba har zobenta ya ƙi fita. 'Yarka Amina ta fara tafiya, ba abin da ta bari a tsakar gida sai turmi, shi ma don ya fi ƙarfinta ne.

Tanko ya iso ran Laraba da saƙonka. Zannuwan sun yi kyau, Allah Ya ƙara buɗi. Amma da na tsare shi da tambaya, sai ya ce ya baro ka da kumburarren kunci, ka ɗaure haɓa da ƙyalle, kwana huɗu ba ka fita ɗaukar kaya ba, har ka ce Baba ya aiko maka da irin albasa ka yi turaren fid da tsutsar haƙori. Ba zan ɓoye maka ba, hankalina ya tashi, ran nan ko tuwo ban iya ci ba. Irin nan dai ba za a aiko maka da shi ba. Zauna ka ji dalili.

Ka san shekara talatin Baba yana yi wa mutanen garin nan turaren nan. Ya gasa tsohon bakin hauya har ya yi ja, ya ɗora shi a kan dutse tsakiyar ƙwaryar ruwa, ya zuba irin albasa da ɗan kitse, mai ciwo ya buɗe baki a kan hayaƙin, a lulluɓe shi da zane. In an yaye zanen sai ga fararen tsutsotsi bisa ruwa, Baba ya ƙirga su yana shafa gemu. To, bana lokacin noma na biyu abin ya zo kansa. Haƙorinsa na can ciki, na ƙasa wajen hagu, wanda ya daɗe da rami, ya tashi yana zuga har cikin kunne. Sau uku ya yi wa kansa turare, ya ƙone mana kusan rabin irin da muka aje don lambu. Bayan mako guda ciwon ya lafa, Baba ya fita ƙofar masallaci yana gaya wa kowa tsutsa ashirin da uku ya kashe.

Ba a yi kwana goma ba kuncin ya kumbura kamar ya ɓoye ƙwai a ciki. Zazzaɓi ya rufe shi, baki ya ƙi buɗuwa sai daidai shigar yatsa, kunu kawai muke ɗura masa da ludayi. Kumburin ya fara gangarowa ƙarƙashin haɓa. Na yi magiya, na yi faɗa, na yi kuka, a kai shi likita a Keita, ya ce shi da yake warkar da gari ba zai je wani mai farar riga ya leƙa masa baki ba. Ka san Baba in ya kafe.

Allah Ya kawo Gwaggo Kulu daga Tabotaki ta zo duba ƙanenta. Ka tuna dai bakinta, shekara goma ke nan rabonsa da haƙori, goro ma sai an daka mata. Ta zauna ta dube shi, ta ji labarin tsutsa ashirin da uku. Sai ta sa ni in gasa hauya in haɗa kayan turare yadda Baba yake yi. Na ɗauka shi za a sake yi wa, ashe ita ce ta durƙusa ta ja zane ta buɗe nata bakin. Da ta ɗago tana tari, hawaye na zuba, muka leƙa ƙwarya. Tsutsa goma sha ɗaya, Iliyasu, na ƙirga da kaina. Ta tura masa ƙwaryar ta ce, "Tukur, wanga baki nau ko haure guda babu. Waɗanga, ina sunka hito?"

Na tsamo ɗaya a kan yatsa na duba da kyau, sai kunya ta kama ni, ni da nake kwana ina tashi cikin albasa. Ɗan farin tsiron nan ne na cikin iri, wanda muke gani in ya fara fitowa a fangali. Zafin ƙarfe ne yake fasa ɓawon ya yi tsalle ya faɗa ruwa. Na miƙa wa Baba, ya daɗe yana kallo. Ya so ya yi dariya baki ya hana shi. Daga baya ya yi mini alama da hannu in ɗauko masa rigarsa ta fita.

Washegari muka bi kamyo, babbar motar kaya, zuwa Keita. Likitan, wani dogon mutum Malam Jima, ya yi mana bayani tiryan-tiryan. Ya ce ruɓa ce take bin ramin haƙori har saiwa, mugunya ta taru a can kamar ta maruru, sai dai ita ba ta da hanyar fita. Ya ce lafawar nan da Baba ya yi murna da ita jijiyar haƙorin ce ta mutu, ciwon kuwa yana nan yana ci ta ƙasa. Ya ce da mun ƙara kwana biyu ko uku, kumburin zai iya toshe maƙogwaro. Ya tsaga dasashin, abin da ya fito ba zan sa Malam Isaka ya rubuta ba. Aka yi masa allurar penisilin kwana biyar, sannan aka cire haƙorin, aka ce ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, kada a ƙara kai wa kuncin wani abu mai zafi. Har yau ba cirewar yake ƙorafi a kai ba, wurin da aka yi masa allurar ne, wai dattijo kamarsa. Yanzu ga shi nan yana cin nama da ɓari guda, duk wanda ya zo neman turare sai ya nuna masa hanyar Keita.

Saboda haka ina roƙonka don Allah, ranar da takardar nan ta shiga hannunka ka tafi likita. Ko kumburin ya saɓe, ko ciwon ya ɗauke, kada ka ce ka warke. Shi Baba yana da Gwaggo Kulu da ni a kansa, kai kuwa a can wa zai yi maka faɗa? Ina jin tsoro, Iliyasu, kai kaɗai ne ɗan'uwana namiji.

Hasana tana gaishe ka, ta ce ka dawo da haƙoranka ko da saura ne. Gwaggo Kulu da Liman da Dije da maigidana Mahaman duk suna gaishe ka. Ka gai da Yaro abokin ɗakinka, ka ce masa na ɗora masa nauyin raka ka.

Tanko zai ba ka wani ɗan ƙullin tsumma tare da takardar nan. Haƙorin Baba ne a ciki, shi da kansa ya ƙulle shi. Tun da aka haife mu ba ka taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba, amma jiya ya kira ni ya ce, "Ki hwaɗa mishi shi duba ramin da kyau, babu tsutsa. Ni na ɓata, kada shi bi ni." Sauran irin kuwa mun shuka shi a fangalinka, ya fito kore shar, yana jiran ka.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Furera Tukur